Tausar Ido Irin ta Sin

Daga ƙasar Sin na taho da maganin surutun ɗalibai. Can yara kan rufe ido su yi masa tausa, aji ya yi tsit. Na shiga ajin Sinanci na 'yanmatanmu a Tarauni ina ji da kaina, na ce kowa ta rufe ido. Na zauna na rufe nawa, ga zafin azahar, ga shinkafa da wake a ciki.

Aji kuwa ya yi tsit. Muryar Hajiya shugabar makaranta ce ta farkar da ni, wata ɗaliba na yi mini fifita.

"Malama, minsharin ma na Sinanci ne?" in ji Hajiya.

Har yau ko a Gyaɗi-Gyaɗi ɗalibata ta hango ni, gaisuwarta ke nan: "Malama, a rufe ido?"