Fuskar Mai Girma a Cikin Cittarmu

Jiya ina layin mai a Kafanchan, ina tura babur ɗina gumi na wanke mini hoda, sai na ɗaga kai na ga wani makeken allon talla. Ga tambarin manhajarmu an ja shi ya yi tsawo kamar rogo, an maida shi shuɗi, an liƙa fuskar wani bawan Allah tana murmushi a tsakiya. Na tsaya kallo har mai keken da ke bayana ya tambaya ko maigidana ne.

Ga wanda bai sani ba, mu 'yan tsiraru ne muka haɗa manhajar, kyauta, kowa na iya ɗauka ya gyara ya ƙara. Manomin citta in ya ga ganye ya fara rawaya sai ya ɗauki hoto ya tura, maƙwabta su san cuta ta shigo yankinsu. Da cajin aro muka yi ta, wuta na leƙo mu kamar baƙuwa mai kunya, ana ce mini aikin maza ne. Yafet, ɗan Kagoro, ya zana tambarin: saiwar citta ruwan ƙasa da ganye kore. Ƙa'idarmu ba wuya. Kowa ya yi amfani da shi, amma kada a ja shi, kada a sauya launi, kada a sa fuskar kowa. Ni da na rubuta rabin manhajar ban sa tawa ba, kuma ba don ba ta kai ba.

Ashe Mai Girma Uban Almakashi, Allah ya ƙara masa abin yankawa, shi ne mai fuskar, ya ƙaddamar da manhajar makon jiya. An kafa rumfa, an kira makaɗa, an ci shinkafa. Saboda tsabar tausayi bai wahalar da mu da gayyata ba.

Da dariya zan bar zancen, sai na tuna hotuna sun daina shigowa, ga damina ta yi tsakiya. Na leƙa wajen maƙwabcina Baba Dogara, manomin da ya fi kowa turo hoto. Ya goge manhajar, ya kuma sa 'yan cocinsu sun goge.

"Yarinya," in ji shi, "tun da fuskan oga ya shiga ciki, masu rebenu ne za su fito karɓar haraji. Ni ba zan nuna musu gonana ba."

Na wuce ofishin Mai Girma. Na zauna a benci har ƙafata ta yi sanyi kafin Babban Mai Ba Da Shawara Kan Murmushi ya fito. Ya ce in turo ogana. Na ce ita ce a gabansa. Ya yi mini bayani cikin haƙuri cewa shuɗin don ya dace da hular Mai Girma ne, kuma in na kwantar da hankali za a sa hotona ƙarami a ƙasa.

"Ba kun ce na kowa ba ne? To, oga ma kowa ne."

Na yaba da wannan hikima. Na ce mun karɓi gyara, za mu sa sabon tambarin a cikin manhajar kanta. Sai dai ya sani, tambarin yana fitowa ne a waya duk sanda aka yi gargaɗi. Daga Gwantu har Kauru, manomi zai ga fuskar Mai Girma tana murmushi, a ƙasa an rubuta: ruɓa ta shigo yankinku.

Ban taɓa ganin babbar riga ta yi sauri haka ba. Yau da safe allon ya sauka. Baba Dogara ya je ya gani da idonsa, ya dawo ya miƙo mini waya in mayar masa da abinsa, ya ce dama bai taɓa shakkata ba.

Na ji an kafa kwamitin binciken wanda ya ɗaga allon, kuma kwamitin na neman mai zana masa tambari. Yafet ya kashe wayarsa.