Ranar da Na Faɗa Tankin Awon Kitse

Lokacin da kuɗin fetur ke tura mutane karatu London, ni ma aka turo ni. Malamarmu, wata Baturiya, tana awon kitsen jikin 'yan matan Thailand masu koyon aikin nas. Yarinya za ta zauna kan ma'auni cikin tankin ruwa, ta fesar da numfashi, ta nutse, sai an ƙwanƙwasa tankin ta taso.

Ran nan aka kira Malama a waya. Ta ce, "Za ki iya?"

Na gyara ɗankwali na ce, "Je ki abinki."

Na yi wa wata yarinya mai suna Mali dogon bayani, amma na manta zancen ƙwanƙwasawa. Ta nutse. Na karanta ma'auni, na ƙwanƙwasa, shiru. Na daka da ƙarfi, ko motsi. Na hango kaina a kurkukun Ingila, na hango mahaifiyata a Kano ana yi mata jaje. Sai na yi salati na auka ciki da zani da takalmi, ni da ban taɓa shiga ko kududdufi ba.

Santsi ya kwashe ni, na sha ruwa har ta hanci. Mali ce ta ciccibo ni tana bubbuga min baya. Ashe a bakin kogi ta girma, ta saba daɗewa a ƙarƙashin ruwa, ruwan kuma iyakarsa ƙirjina.

Har yau in Talatu, wadda muka zauna gida ɗaya a unguwar Peckham ta London, ta gan ni da kofin ruwa, sai ta ce, "Sarkin ruwa, a hankali, babu Mali a kusa."