Tsanin da Na Kafa wa Ingilishi

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Talatar nan ba. Har yau in na ji mota ta tsaya a ƙofar lakwal, wato makaranta, sai na leƙa taga.

Bana ne, shekarar da sojoji suka karɓi mulki. Na faɗi jarrabawar bak ta gama sakandare, ina zaune gida a Filinge, sai aka ɗauke ni koyarwar kwantaragi a wata kwaleji wajen Damana. Malamin Ingilishi, wanda muke ce wa mushe, ya tafi hutu bai dawo ba, daraktan kwalejin ya duba takarduna ya ga Ingilishin ne kaɗai ban faɗi ba, ya miƙo mini littafi da alli. Aikin nan shi ke riƙe da ni da innata, don haka na karɓa. Dabarata ɗaya ce: kullum sai na riga yara karanta shafi guda.

Ana nan sai wata ɗalibata, Ramatu, wadda wanta ya dawo daga ci-rani da waya cike da bidiyo, ta ɗaga hannu. Ta ce tana jin ana cewa guy, dude, buddy da pal, mene ne bambancinsu?

Gaskiyar magana ban sani ba. Amma a lokacin gani nake madam, wato malama, ba ta faɗin haka. Sai na yi lissafi irin namu: mu nan ba a kiran mutum kara zube, akwai baba, akwai yaya, akwai ƙane. To ta yaya mutane za su ajiye kalmomi har huɗu ba su raba musu girma ba? Na zana tsani a allo. Pal na ba ƙane, don ita ce gajera. Buddy ta sa'a ce, guy ta yaya. Dude kuwa, da na ji ta da nauyi a baki, na ɗora ta can sama, na ce ta dattijo ce mai furfura. (Har layi biyu na ja mata.) Yara suka kwafa a kaye, littafinsu na rubutu, suka haddace. Na yi musu gwaji a kai, wanda ya sauya matakala na zabga masa sifili da jan biro.

Ranar Talatar, konseye ya zo da mota daga Filinge, wato mai duba malamai, wanda rahotonsa ke sa a sabunta kwantaragi ko a sallami mutum. Dattijo ne mai farin gemu, an ce a Gana ya yi karatu. Yana shigowa aji ya miƙe da murya ɗaya: "Good morning, dude!" Ni kuwa (Allah Ya yafe mini) har da gyaɗa kai, ina jiran yabo.

Bai yi dariya ba, da ma ya yi. Ya ɗauki kayen Ramatu ya karanta a tsanake, sannan ya ce, "Madam, ina kika samo wannan tsani?"

Nan ne na yi abin da ya fi tsanin muni. Na ce a ƙamus.

Ya buɗe jakarsa ya zaro ƙamus, ya aza mini a tebur. "Gwada mini wurin."

Na shiga buɗe shafi. Na wuce harafin, na dawo, na sake wucewa. Gumin yatsana yana ɓata takardar mutum. Darakta na tsaye a taga, ba ka jin komai sai kukan jaki daga bakin rijiya. Da shafuka suka ƙare mini, na ce, "Ba ya ciki, mushe. Ni na ƙaga shi."

Ya karɓi allin ya yi wa yara bayani da kansa: duk huɗun maganar tsara ce, guy kowane namiji, dude ta samari ce in suna raha, buddy da pal aboki, kuma babu wadda ake ce wa babba. Ramatu ta sake ɗaga hannu, ta ce to buddy da pal fa, me ya raba su?

"Wannan ban sani ba sosai," in ji shi. "Zan bincika."

Na ɗaga kai na dubi rufin kwano. Bai faɗo ba.

A ofis ya ce kuskure kowa na yi, ƙaryar ƙamus ce ba ta yi masa daɗi ba. Ya ba ni wata uku in gyara, da sharaɗin in bi kaye ɗaya bayan ɗaya in soke tsanin, in mayar wa masu sifili makinsu. Ƙamus ɗin ma ya bar mini, ban san ko kyauta ce ko horo ba.

Ranar kasuwa na haɗu da mahaifin Ramatu wajen masu gero. Ya yi ta sa mini albarka, wai yanzu ɗiyarsa in za ta gaishe shi da Ingilishi dud take ce masa. Na daure na faɗa masa gaskiya. Ya shafa gemu, ya ce, "To ɗiyata, bar ta. Na riga na saba."

Wata ukun ba su cika ba tukuna, ban san me konseye zai rubuta ba. Amma "ban sani ba" yanzu na iya ta, kuma ita kaɗai ce nake faɗa ba tare da na duba ƙamus ba.