Furen da Ya Tafi Gaisuwar Suruka a Kumatuna

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara zuwa gaida mahaifiyar mijina ba, domin da fure a kumatu na je mata.

Lokacin Lukuman yana nemana. Babarsa Alhaja, Bayarabiyar Sabon Gari, ta ce ya kawo ni sunan jikarta ta gan ni. Shi da kansa ya ce min in dai Alhaja ta yatsina fuska, to magana ta mutu.

Ana gobe suna na leƙa gidan mai lallen unguwarmu a Fagge, na tarar da mata sun yi layi har soro. Na ce haba, zane ne fa, ba tiyata ba! Na sayo dayis, baƙin lallen nan da ke kama fata ya yi sati, na kwaɓa, na ɗura a leda, na huda tsininta. (Ni da ko ganye ban taɓa zanawa daidai a firamare ba.) Umma ta leƙo ta ce, "Ke, da muguwar rawa gara ƙin tashi." Na ce ta zuba ido kawai.

Bayan azahar na zauna na zana wani abu a bayan hannun hagu, na sa masa suna fure. Ina jiran ya bushe aka kawo wuta, fanka ta fara kaɗawa. Na ce bari in ɗan kishingiɗa. Ashe hannun na yi matashi da shi.

Da na farka na duba madubi, innalillahi! Ga furen nan ɓaro-ɓaro daga kunne zuwa gefen baki. Na dirje da lemon tsami, na dirje da toka, har da man goge baki. Kumatun ya yi jajir, furen ko gezau.

Washegari na ɗaura takunkumi na ce mura nake. Na durƙusa na gaida Alhaja, tana ta sa min albarka, har na fara jin na tsallake. Sai ta turo min amala da miya, a gaban matan dangi.

"Yarinya, cire wannan ki ci."

"Alhaja, na ƙoshi."

"A gidana? Cire."

Na cire. Alhaja ta kama haɓata ta juya ni wajen haske.

"Wannan fure ne ko gizo-gizo?"

Don tsabar rikicewa na ce, "Sabon yayi ne, Alhaja."

Wayyo, dariya har da masu riƙe ciki. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Alhaja ta kamo hannuna ta kara a kumatun, zanen ya hau daidai. Ta ce, "Barci kika yi a kai. Tun ba a haife ki ba nake yi wa amare lalle."

Hawaye ya cika min ido, na ce shi ke nan, na rasa Lukuman. Sai ta ƙwala masa kira.

"Ka auro ta. Wannan ko ƙarya ba ta iya ba. Amma kada ta kuskura ta zana wa jikokina komai."

Yanzu 'ya'yanmu biyu, kuma ranar duk wani biki a gidan, Alhaja ce ke zaunar da ni ta yi min lalle, tana tsare ni har ya bushe. Abin da na koya shi ne, in za ki ɓoye fuska, kada ki je gidan da ake dafa abinci.