Gadon Kifawa na Dakta Barau

Duk faɗin Faskari babu wanda ya san sirrin lafiya kamar Alhaji Barau. Wannan ba jita-jita ba ce, daga bakinsa aka ji. Shekara ashirin da shida ya yi yana riƙe makullin sito a sashen lafiya. Bai taɓa yi wa ko kaza allura ba, amma ya saɓa kwalin allura ya fi dubu, kuma a nasa binciken ilimi ta kafaɗa yake shiga. Da ya yi ritaya sai ya sa aka rubuta "Dakta" a ƙyauren gidansa da jan fenti, don kada baƙo ya ɓata.

Allah ya ba shi murya, ya ba shi tumbi, ya ba shi doguwar hula. Tsawo ne kawai aka raba yana cikin sito.

Bana ƙungiyar cigaban gari ta tashi naɗa shugaban kwamitin lafiya, mai zama da manyan baƙi, mai riƙe lasifika ranar rigakafi. Mutum biyu ke nema: Dakta Barau da Malam Gide, wani tsohon duba-gari da ba shi da abin nunawa sai rijiyoyin da ya sa aka yi wa murfi. Aka wakilta dattawa uku su ziyarci kowa a gidansa kafin a yanke. A gidan Malam Gide ruwa suka sha suka fito. Dakta kuwa ya rantse a nasa gidan sai sun ga abin da za su ba jikoki labari. Allah ya karɓa masa.

Daga Kaduna ya yo odar abin. Gado ne na ƙarfe, siriri, a kan ƙafafu kamar lilo. Mutum zai jingina, ya maƙale idon sawunsa a ƙasa, gadon ya karkata da shi kai ƙasa ƙafa sama, wai ƙashin baya ya saki. Dakta ba ya ciwon baya. Kujera ke masa ciwo.

A cikin kwalin akwai 'yar takarda. Matarsa Hajiya Suwaibatu, tsohuwar malamar firamare, tana da wata mummunar ɗabi'a ta karanta duk abin da aka rubuta.

"Alhaji, sun ce mai hawan jini kada ya hau sai ya ga likita."

"Na gan shi. Yau da safe ma mun haɗu a madubi."

"Sun ce a fara da ɗan karkata kaɗan, minti ɗaya ko biyu. Ban da cikakken ciki. Kuma a samu wani tsaye kusa."

"Hajiya, takarda don jama'a ake rubuta ta. Mu da muka daɗe a fannin, mu ne ake tambaya kafin a rubuta."

A gindin gadon akwai sandar ƙarfe mai lambobi, inda kowa zai saita tsawonsa don nauyi ya daidaita. Dakta ya duba, ya yi nazari, ya saita tsawon ƙafa shida. Ya hau, ya ɗaga hannuwa. Gadon bai motsa ba. Da yake ƙarfe ne, bai san girman mutane ba. Duk nauyin ya taru wajen ƙafa, ya bar kan babu abin da zai rinjaya da shi. Wani zai ce a rage lambar. Dakta ya ce kamfani ne ya yi kuskure, kuma zai gyara musu kyauta. Ya auno masara tiya shida a buhu, ya ɗaure wajen kai, ya tokare da taɓarya. Sai ga wata igiya a ƙarƙashi, wadda aikinta hana gadon kifewa gaba ɗaya. Ya kwance ta.

"Igiya ta akuya ce," in ji shi. Bai gwada ba. Gwaji na masu shakka ne.

Ranar Asabar bayan la'asar ya kammala shiri irin na masana: malmala uku ta tuwon masara da miyar kuka, babbar riga ta shadda mai sitaci, hula tana neman silin. Ya gargaɗi Hajiya kada ta leƙo falo, maganar maza za a yi. Ya hau ya maƙale ƙafafu, ya jira. Nufinsa dattawa su same shi a ɗan karkace, cikin natsuwa, yana bayani.

"Salamu alaikum!"

"Ku shigo! Amma komi kuka gani kada wanda ya taɓa, aikin masana ne!"

Ya zare taɓarya.

Masara ta yi aikinta da gaskiya. Kafin a ɗaga labule Dakta ya riga ya koma jemage. Babbar riga ta zubo ta lulluɓe masa kai. Carbi, goro da makullai suka watse. Hula ta gangara ta je ta tarbi baƙi a bakin ƙofa, ita kaɗai ta cika ladabi.

Baba Lawwali, shugaban tawaga, mai nauyin kunne, ya shigo da Alhaji Mani da Malam Yahya. Inda suka saba ganin fuska, tafin ƙafa biyu suka tarar. Ba a gaida ƙafa, kuma an ce kada a taɓa. Sai suka durƙusa suna neman wajen da murya za ta fito. Malam Yahya, da yake ƙanen bayan Dakta ne, ya ga bai dace kansa ya fi na babba tsawo ba, ya kwanta kusan rub da ciki.

"Dakta, ina wuni?" in ji Baba Lawwali.

"Lafiya lau," in ji shadda.

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Mi ya ce?"

"Ya ce ba gajiya, Baba."

"Madalla. Ya iyali? Ya damina? Ya muka ji da hanyar Sabuwa?"

Dakta ya ɗaga hannu yana neman dawowa, masara ta ce ba yanzu ba. Jini ya taru a kai yana buga ganga. Tuwo, da ya ga hanya ta zama gangare, ya fara tunanin komawa inda ya fito. Amma an tambaye shi iyali, kuma tunda aka kafa garin nan ba a taɓa jin wanda ya amsa gaisuwa da "ku cece ni" ba.

"Lafiya... lau."

Baba ya gama, Alhaji Mani ya ɗauka daga farko, don shi ba ya gaisuwar haɗaka. Sannan Malam Yahya, daga ƙasa, har da tambayar jikin surukar Dakta ta Daudawa. Duk lafiya lau.

"Wannan da kuke gani," in ji Dakta, murya kamar ta cikin tulu, "shi ne... ci gaba. Idan na hau kujera... kowace unguwa..."

"Mi ya ce?"

"Suwaiba!"

Shekara talatin ba a ji Dakta ya kira matarsa da tsurar suna gaban baƙi ba. Ta shigo da mayafi da wuƙar yanka kuɓewa, alamar dama tana bayan labule.

"Sannunku da zuwa, Baba. Gaisuwa sai an jima. Malam Yahya, tashi ka riƙe mani nan." Ta yanke igiyar buhun. "A hankali. Kada ku miƙar da shi lokaci ɗaya, jiri zai kwashe shi. Ku tsayar da shi a nan, a kwance, ya huta."

Aka yaye shadda. Fuskar ta kumbura, idanu jajur kamar barkono. Baba Lawwali ya daɗe yana kallon Hajiya.

"Ina kika koyi wannan aikin?"

"Takardar na karanta, Baba. Shafi biyu ce."

Wannan karon bai ce mi ta ce ba.

A asibiti aka auna jinin Dakta, ma'aikaciya ta sake aunawa don ta ɗauka na'urar ce ta lalace. Aka ce shi da gadon nan sai dai kallo. Da yake ana cike kati, aka auna tsawonsa kuma: ƙafa biyar da inci biyu. Ya nemi a sake da hula, aka ba shi haƙuri.

Malam Gide ya zama shugaba. Hajiya Suwaibatu ta zama mataimakiya, bisa shawarar Baba Lawwali. Dakta ya sanar da majalisarsu ta ƙofar masallaci cewa shi ya janye da kansa, domin ya samu lokacin zurfafa bincike. Gadon yana tsakar gida, an mayar da igiyarsa, ana shanya tattasai a kai.

Kwamitin dai bai manta da gogewarsa ba. A zamansu na farko suka duba shekarun da ya ba fannin lafiya, suka amince baki ɗaya a ba shi aikin da ya fi kowa ƙwarewa a kai. Duk ranar taro za ka gan shi tun da hantsi, cikin shadda da doguwar hula, tsaye a ƙofar ɗakin taro.

Shi ke riƙe makulli.