Ranar da Sakinatu Ta Ɗaure Fulogi

"…Lahiya lau. Ina gajiyar hanya?"

"Babu gajiya, amarya, sai wadda ta same ni yanzu da na gan ki."

"Ganin nawa ne ya hana ka mutuwa da yunwa tun kana rarrafe. Tashi mu tahi."

Inna Sakinatu ce tsaye a ƙofar gidanta da ke Bagudo, ta yafa mayafi, ƙunshin kayanta a hammata. Wanda take wa magana jikanta ne Sufyanu, wanda tun ranar sunansa ta naɗa shi mijinta ba tare da an nemi ra'ayinsa ba. Yanzu magidanci ne mai iyali, yana jigilar shinkafa da tsohuwar a-kori-kurar da kakansa ya bari. Da safiyar nan aka bugo daga Illo cewa jikin ƙanenta Atiku ya yi tsanani, kuma sunanta yake ta kira. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Motar Illo ta tashi tun da hantsi, ta gaba sai ta cika, kabu-kabu kuwa ƙugunta ya daɗe da daina yarda da shi. Don haka aka kira Sufyanu. Ya sauke kaya a Zagga ya juyo, motar ta iso tana tari tana karkarwa, ta zo daidai ƙofar gida ta mutu. Ya ce fulogai ne. Ya je shagon Matthias mai kayan gyaran mota ya sayo sababbi, ya buɗe bonet, sannan ya nemi dakali ya zauna.

"Mi kake jira?"

"Injin ya yi sanyi."

"Ƙanena na kwance yana kirana, kai kana jinyar ƙarhe?"

"In na kwance fulogi da zahi, sai ya taho da naman injin. Daga nan ba Illo ba, ko bakin kasuwa sai a jaki. Jakin ma sai an roƙe shi, in ya ga wadda za ta hau."

"Mijina na gaskiya, Allah ya jiƙan shi, bai taɓa jiran ƙarhe ba. Da zahinshi yake damƙa."

"Awo. Shi ya sa ya bar mini gadon mota rabin notunanta a cinye. Duk abin da ya ɗaure, sai an kira mai walda ya yi mishi addu'a."

"Rufa mini baki. Shi namiji ne. Kai kuwa da anka kawo mini kai a zane, na ɗauka ɗan tsako ne anka fige."

"Kuma kinka liƙe. Duk garin ga ba wanda ya taya."

Ta yi tsaki, ta duba rana, ta sake duba hanya. Dangin matar Atiku da ke ƙetaren iyaka sun riga sun iso Illo tun jiya, kuma wannan ya tsaya mata a rai, ta faɗa har sau nawa: su da ke da iyaka a gabansu sun iso, ita da ke ƙasa ɗaya da shi tana tsaye tana gadin bonet.

Da ya ɗora bayan hannunsa a kan injin ya ji zai iya jurewa, Sufyanu ya tashi. Ya hure ƙasar da ta taru a gindin kowane fulogi don kada ta faɗa ciki, ya kwance tsofaffin ya jera su a kan tsumma, duk sun yi baƙi ƙirin. Ya ɗauki sabo ya zura, ya fara murzawa da yatsu.

"Da yatsu? Ɗan kunne kake sa wa amarya?"

"Amaryata kunnenta ya yage tun zamanin Turawa."

"Ga sifana nan kwance kamar kai da rana. Ka ɗauka ka murɗe mu wuce."

"In ya shiga a karkace, yatsa ke ji. Sifana ba ta jin komai, kamar ke. Sai ta ci haƙoran ramin ta wuce, ta bar ni da kuka."

Da fulogin ya tsaya, ya ɗora sifana ya ja a hankali, har ya ji zoben da ke gindinsa ya kwanta, ya saki.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ko murfin kwalbar man shanuna ya fi haka ɗauruwa."

"Shi ya sa a gidanki sai an fasa kwalba ake cin mai. Kinka ɗaure bakin buhun gero bara, har yau ɓeraye na yi miki Allah ya isa."

"Wanga abu zai zube a hanya. Mu kai Illo ba inji, sai kujeru."

"To ki sauka ki tura. Ƙarfin dai yana nan, ba a taɓa kashe shi a kan alheri ba."

Haka suka yi ta yi har ya kai kan na ƙarshe. Ya murza shi da yatsu ya tsaya, yana miƙa hannu ga sifana ke nan, wayarsa ta yi ƙara. Ya duba ya ga Fadimatu ce, 'yar Atiku. Ya ce yana zuwa, ya zaga bayan katanga inda darbejiya take.

Inna Sakinatu ta dubi sifanar. Mace ce da ta yi daka tun kafin ta yi wayo, ta ɗebo ruwa a rijiyoyin da yanzu an cike su, kuma a duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa ganin abin da ya lalace saboda an ɗaure shi da kyau ba. Ta ajiye ƙunshinta, ta ɗora sifanar kamar yadda ta ga yana yi, sai dai a ɗan karkace, ta yi bisimilla, ta sa nauyin jikinta gaba ɗaya. Wani abu ya ce ƙas. Ta mayar da sifanar daidai inda ta same ta, ta gyara mayafi, ta shiga kallon sama.

Sufyanu ya dawo a hankali. Ya leƙa injin, ya ga farin tangaran ɗin fulogin ya tsage daga sama har ƙasa. Ta gyara tsayuwa tana jiran abin da zai ce, amsarta ma tana bakinta.

"Kaka, ki shiga inuwa ki zauna. Rana ta yi."

Ta juyo ta dube shi.

"Wa kake kira Kaka?"

Ya mayar da wayar aljihu.

"Tun da ka yi baki ba ka taɓa kirana haka ba." Ta dafa jikin motar. "Yaushe?"

"Yanzun nan. Fadimatu tac ce da kalmar shahada ya cika."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta zauna a kan dakalin da ya tashi daga kai ɗazu. Ba ta yi kururuwa ba. Ta ɗora hannuwanta biyu a kan gwiwa tana kallonsu. Ya tsuguna a gabanta ya ce za a yi masa wanka a sa masa likkafani, amma sun ce ba za su rufe fuskar ba sai la'asar. In sun isa kafin nan, za ta gan shi.

Ta dubi bonet ɗin da ke buɗe. Can ta ce, "Na karya abinka."

"Na gani."

"To ka zage ni mana."

"Kaka…"

"In ka sake ce mini Kaka, kuka zan yi. In na fara kuwa, ba mai ta da ni daga dakalin ga sai gobe, a rufe shi ban gan shi ba. Ka zage ni, ka yi aikinka."

Ya miƙe. Ya goge fuska da hannun riga, ya bar baƙin mai a goshi.

"Tsohuwa mai hannun taɓarya," in ji shi. "Na juya baya kaɗan, kin kashe mini sabon fulogi ko sunanshi ba a raɗa ba."

"Rago ne. Irinka ne. Taɓa shi kawai na yi."

"Haka kinka taɓa kakana, ga shi can."

"Shi ya yi shekaru yana jurewa. Ci gaba."

Ya ɗora sifana a kan fasasshen fulogin ya fara kwancewa. A nan dukansu suka zuba wa sifanar ido, domin in haƙoran ramin sun cinye, maganar Illo ta ƙare a yau. Fulogin ya ƙi, ya ƙi, sannan ya saki. Ya ciro shi ya ɗaga a rana yana juyawa, yana neman ɓurɓushin farin ƙarfe a jikinsa. Babu.

"Allah ya rufa asiri. Injin ya fi ki taurin kai."

"Koma wurin Matthias ka sayo wani."

"Irinsu sun ƙare, waɗanga ne na ƙarshe a shagon. Sai dai tsoho."

"Tsoho ya fi. Na daɗe ina faɗa."

Ya zaɓi mai dama-dama a cikin tsofaffin, ya kankare bakinsa, ya wanke da fetur, ya hure. Ya zura zai murza, hannunsa ya ƙi tsayawa. Atiku ne ya fara ɗora Sufyanu a kan sitiyari, a wannan motar, yana zaginsa yana cewa ya ƙwace masa yaya. Fulogin ya kama a karkace, ya ji ya cije, ya yi maza ya dawo da shi. Ya sake, ya sake cijewa.

"Kawo," in ji ta.

"Ke? Kin kashe ɗaya, kina neman na biyu?"

"Taɓarya kaɗai ka sani. Hannun ga ya yi kaɗi tun ba a haihi ubanka ba, zarena bai taɓa tsinkewa ba. Kawo, kana rawa kamar ɗan akuya a ruwa."

Ya ba ta. Ta sunkuya, ta rufe ido, ta kama fulogin da yatsa biyu kamar mazari. Ta ɗan juya shi baya har ta ji ya zauna, sannan ta murza gaba. Ya bi ya shige sumul, ba cijewa.

"Ya tsaya."

"To ja da baya. Hannu a bayanki, inda zan gan su."

Ta kai hannuwa baya. Ya ɗora sifana ya ɗan taɓa kaɗan, bai kai yadda ya yi wa sababbin ba.

"Wannan ko sauro ya fi shi cizo."

"Zobenshi ya riga ya kwanta tun tuni. Tsoho ba ya son a matsa mishi, lallaɓa shi ake yi."

"Yau ka sani."

Ya mayar da wayoyin kowace a kanta, ya rufe bonet, ya ɗora ta a gaba da ƙunshinta, ya zagaya ya shiga. Ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Motar ta yi tari ɗaya, ta kama, ƙararta ta daidaita. Rana ba ta gama karkata ba.

Sai da suka bar gidajen Bagudo a baya ta kwance bakin zanenta ta ciro goro fari. Ta ɓare, ta duba ɓarin biyu, ta miƙa masa babban.

"Karɓi. Na yarda, na wuce wuri. Amma in ka faɗa wa mutanen Illo, sai ka ba ni takardata a gaban kowa."

"Ni da zan fara ba da labari tun daga bakin gari? Har na ƙetare sai sun koma da shi."

Dariya ta kuɓuce mata, gajeriya, hawaye na bin ta a baya. Ta share da gefen mayafi, ta gyara zama, ta zuba wa hanya ido.

"Taka mota, miji. Kada su rufe mishi fuska."