Motar da Shanun Huɗa Suka Kai Gida

Ina sayar da masarata a Funtuwa, na zarce wurin masu sayar da motocin hannu, na nuna wata ja mai ƙofa biyu, cikinta na neman shafar ƙasa.

Dillalin ya ce, "Alhaji, wannan fa 'yar kwalta ce."

Na ce, "Ni za ka koya wa mota?"

Washegari bayan ruwa na nufi ƙauyenmu don a gan ni. Ina sauka daga kwalta ta kwanta cikin laka. Allah ya saka wa taubashina Sale da alheri, shi ya kwanto shanun huɗarsa suka ja ni har ƙofar gida, ina riƙe da sitiyari, mata na guɗa.

Har yau in na yi sallama sai ya ce, "Alhaji, a ɗaura shanun ne, ko yau da kanta za ta tafi?"